Yaro ya yi rubutu an kama shi cikin kwana 2, ni wata 4 ina neman inda zan kai ƙara

Maman Ikram (Unguwar Dosa):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, kuma na san muna da lauya da injiniya da dattawa a nan, shi ya sa na kawo ta.

Shekara 6 ke nan ina sayar da turaren wuta da humra ta wani shafin sada zumunta. Da shi nake biya wa yara 3 kuɗin makaranta. Ina da masu saye a Abuja da Legas, har Yamai na taɓa aika kaya. Wata safiya na gama haɗa odar biki, kwalabe 40 a jere kan tabarma ina jiran mai keke ya kai min tasha, na buɗe waya in ɗauko lambar amaryar sai na tarar an rufe shafin. Layi 2 na Turanci kawai, wai na saɓa ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Ba su faɗa ba. Na cike fom, na ɗauki hoton fuskata riƙe da katin ɗan ƙasa na tura, amsa ɗaya ke dawowa kullum, da gani ka san na'ura ce ba mutum ba. Lambobin mutanena da hotunan kaya duk suna ciki. Wata 4 ke nan.

A cikin wannan tsakanin ne yaron maƙwabtanmu ya rubuta magana a kan wani mai riƙe da muƙami. Ba zan kare abin da ya rubuta ba, akwai rashin kunya a ciki. Amma kwana 2 kacal aka zo da mota aka tafi da shi, uwarsa tana bin motar ba mayafi.

To ni abin da nake tambaya: idan ƙasar nan tana da iko da abin da ke faruwa cikin waya har ta gano yaro a lungu cikin kwana 2, me ya sa ba ta da ikon sa kamfani ya ba ni amsa? Dokar intanet ɗin ta mu talakawa ce kaɗai?

Mai POS (Kawo):
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Wallahi tambayarki ita ce tamu duka.

Barista (Unguwar Rimi):
Hajiya, sannu da haƙuri. Bari in raba maganar gida biyu don kada ta cakuɗe.

Yaron, kusan tabbas da dokar laifukan intanet ta 2015 za a tuhume shi, wadda Jonathan ya sa wa hannu gab da barinsa mulki. Sashe na 24 shi ne wanda aka fi ɗauka a kan 'yan jarida da masu rubutu. Yadda aka rubuta shi da farko, saƙon da ya ɓata wa mutum rai ko ya zama cin fuska zai iya ja wa marubucinsa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Ki duba faɗin wannan raga. Wane mai mulki ne suka ba ta ɓata wa rai? Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita shi ga batsa da kuma ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Saboda haka rashin kunya kaɗai yanzu bai isa laifi a ƙarƙashin wannan sashen ba. Ki faɗa wa mahaifiyarsa su nemi lauya ya duba takardar tuhumar da kyau.

Naki kuwa ya fi wuya. Ranar da kika buɗe shafin kin danna “na yarda” a kan wata doguwar takarda da babu mai karantawa. A ciki sun ba kansu ikon rufewa. Kamfanin yana wata ƙasa, bayananki suna ajiye a wata ƙasa, ke kina Unguwar Dosa. Sammacin kotu yana buƙatar ƙofar da za a kai shi. Yaron yana da ƙofa, shi ya sa aka same shi.

Maman Ikram (Unguwar Dosa):
Barista, ke nan ba ni da wani haƙƙi ko kaɗan?

Barista (Unguwar Rimi):
Kina da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ta ba ki damar neman kwafin bayananki daga duk wanda ya tara su, kuma ta shafi kamfanin da ke waje muddin bayanan mutanen Najeriya yake sarrafawa. Akwai hukumar da aka kafa don haka, NDPC, ana kai mata koke. Ba zan yi miki alkawarin za a buɗe shafin ba, amma lambobin mutanenki kina da hujjar nema.

Alhaji (Malali):
Ni dai na daɗe ina faɗa a zauren nan ana cewa tsohon ma'aikacin gwamnati ne ke magana. Ƙasa ba ta zama ƙasa sai an ji tsoronta. Lokacin da Twitter ta goge rubutun Shugaba Buhari a Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da ita, wa ya fi ku kuka? Amma me ya faru a ƙarshe? Kwana 222 suna waje, sai da suka amince za su yi rajista a Najeriya, su naɗa wakili, su biya haraji, sannan aka buɗe su ranar 13 ga Janairun 2022. Indiya ta kori TikTok tun 2020 ba ta waiwaya ba. Sin ba ta bar Facebook da Google sun yi yadda suke so ba, ta gina nata, yau ga inda take. Ita kanta Amurka mai wa'azin 'yanci, a 2024 ta yi doka cewa ko a sayar da TikTok ko a hana shi aiki a ƙasarta. Mu kaɗai ne idan muka ɗaga murya sai a ce kama-karya. Da an ci gaba da riƙe musu wuya tun lokacin, da yau Hajiya tana da ofishin da za ta je.

Ɗan Birnin Gwari (Mando):
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba musu zan yi da kai ba, amma ka bar ni in faɗi yadda wannan iko yake idan ya sauka a kan mutum.

Ƙarshen Satumban 2021 aka katse sabis a wajenmu saboda 'yan bindiga. Kusan wata 2. Mahaifiyata tana can, tana fama da hawan jini, ni ina nan Kaduna. Da, kullum bayan isha nake kiranta. Sai ya zama sai na je tasha da asuba na nemi direban da zai bi ayarin rakiyar sojoji, in ba shi magani da 'yar takarda a ninke cikin leda, in jira kwana 3 ko 4 ya dawo min da amsa da baki. Ranar da aka shiga wani ƙauye kusa da mu, ba wanda ya iya kiran kowa. Da can in an ga baburansu sun ɓullo, ƙauyen gaba ake bugawa waya a ce ku gudu. Wannan ma ta tafi. Ƙanena sai da ya yi tafiyar awa 2 a kan keke, tunda an hana babur, kafin ya kai inda zai ba da labari.

Mun yi haƙuri, don an ce mana don tsaronmu ne, kuma ban ce niyyar ba ta da kyau ba. Amma wata 4 bayan an dawo da sabis aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, 28 ga Maris 2022. Masu garkuwa suka riƙa sakin bidiyon mutanen da suka kama, ana ta yaɗawa. Har yau da waya suke cinikin kuɗin fansa, bayan duk layin da muka bi a rana don haɗa NIN da layukanmu. Ikon ya iya rufe bakin gari guda, bai iya gano waya ɗaya a daji ba.

Mai POS (Kawo):
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan lokacin ba ya mantuwa.

Alhaji (Malali):
Ɗana, na ji ka, kuma Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Amma a lokacin masu kai wa ɓarayi rahoto sun yi yawa, da waya suke aiki. Gwamnati ba ta da zaɓi mai daɗi.

Injiniya (Barnawa):
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren ƙarfe da waya, don a nan ne za a gane dalilin da ya sa hannun hukuma ke kaiwa wani wuri ba ya kaiwa wani.

Mutane suna ɗauka intanet iska ce. Ba iska ba ce. Wayarki tana magana da turken sabis da ke unguwarku. Turken yana haɗe da wayar gilashi da aka binne a gefen titi, ta bi ta Abuja ta gangara Legas. A bakin teku ta haɗu da manyan wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa zuwa Turai. Can ne ko Amurka akasarin rumbunan da ke ajiye hotuna da saƙonninmu suke.

Daga turke zuwa bakin teku, ƙasar Najeriya ce. Kamfanonin layi da lasisin hukumar sadarwa, NCC, suke aiki, takarda ɗaya ta isa su kashe turke ko su toshe shafi. Shi ya sa abin da ɗan'uwanmu na Birnin Gwari ya faɗa ya yiwu cikin dare ɗaya. Kuma ku lura, gwamnan jiha ba shi da wannan ikon, sadarwa tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Tarayya, sai dai jiha ta roƙa. Daga bakin teku zuwa gaba kuwa, ba mu da ko sanda. Abin da Hajiya ke nema yana can gaba.

Kun tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi? Wayoyi 4 suka lalace a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa: MainOne da WACS da SAT-3 da ACE. Babu wanda ya kai mana hari, amma ƙasa ta tsaya.

Mai POS (Kawo):
Injiniya ka taɓo min ciwo. Ranar ina rumfata, mutane cike suna son cire kuɗin cefanen buɗa-baki. In sa kati, na'ura ta yi ta juyawa ta ce a sake. Wata tsohuwa ta zauna a bencina tun bayan azahar har aka kusa kiran magariba, jikanta riƙe da buhun da ba komai ciki. Ƙarshe daga aljihuna na ba ta dubu 3 na ce in ya gyaru ta dawo. Ta dawo kuwa bayan kwana 2. Abin da ya ɗaure min kai, kuɗinta yana bankin Najeriya, ni ina Najeriya, me ya kai mu teku?

Injiniya (Barnawa):
Ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, Malam. Bankuna da dama suna hayar wurin ajiya da manhajoji daga manyan kamfanonin waje, don ya fi musu sauƙi kuma wuta ba ta ɗaukewa. To idan wayar teku ta yanke, kai da bankinka kun rabu ko da kuna kallon juna. Muna da mahaɗar intanet ta cikin gida, IXPN, wadda ke sa saƙon Kaduna zuwa Legas ba sai ya fita waje ya dawo ba. Muna da Galaxy Backbone mai riƙe wa gwamnati bayanai. Amma ana buƙatar ninkinsu, kuma rumbun bayanai wutar lantarki yake ci dare da rana. Ƙasar da layin wutarta ke faɗuwa ba za ta tilasta wa kowa ya ajiye bayanansa a gida ba. Mu nan Arewa mun ga ƙarshen 2024, kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna.

Ga kuma wata sabuwa. Tun Janairun 2023 Starlink ta fara aiki a Najeriya, mu ne na farko a Afirka. Faranti ne kamar tire, ka ajiye a tsakar gida ya kama tauraron ɗan'adam kai tsaye. Kashe turke ba ya taɓa shi. Makamin da aka yi amfani da shi a 2021, nan gaba talaka kaɗai zai riƙa kamawa, mai kuɗin sayen faranti ya tsira.

Baba Malam (Tudun Wada):
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min, ku yi haƙuri da tsawo.

Na koyar da tarihi shekara 33, kuma duk lokacin da na ji ana cewa wannan abu sabo ne sai in tuna ba sabo ba ne. Kafin Sarauniyar Ingila ta mulki ƙasar nan, kamfani ne ya fara mulkinta. Royal Niger Company, na wani Bature mai suna Goldie. A 1886 aka ba shi takardar izini. Yana da sojojinsa, yana da kotunsa, yana karɓar kuɗin fito a kan Kwara da Binuwai, shi ke cewa wane jirgi zai wuce wane ba zai wuce ba. Yana yawo da takardun yarjejeniya, sarakuna suna dangwala hannu a kan abin da aka rubuta da harshen da ba su karantawa. Shi kansa Lugga ma'aikacin kamfanin ne kafin ya zama gwamna. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a Lokoja aka ɗaga ta Ingila, bayan an biya kamfanin fam 865,000. Shekara 3 bayan nan Kano da Sakkwato suka faɗi.

Da Barista ya ce 'yata ta danna “na yarda” a kan takardar da ba ta karanta ba, wannan dangwalen hannun na tuna. Ban ce waɗannan kamfanoni za su zo da bindiga ba. Amma wanda ke riƙe da hanya, yake yanke wanda zai yi ciniki da wanda ba zai yi ba, yake hukunci ba tare da an ji ta bakin wanda ake tuhuma ba, to yana mulki, ko da bai kira kansa sarki ba.

Sai dai Alhaji, ƙanena, ba na tare da kai a kan maganin. Kakanninmu sun san baƙin 'yan kasuwa. Fatake suna zuwa daga Gwanja, Larabawa daga Gadamas da Tarabulus. Ba a rufe musu ƙofar gari. Abin da ake yi, kowane baƙo yana da fatoma, mai masaukin da ke tsaya masa. In baƙo ya ci bashi ya gudu, fatoma ake kamawa. In an cuci baƙo, fatoma ke kai ƙara. Ga sarkin kasuwa, ga alƙali, kowa ya san inda zai je. Abin da muka rasa ke nan. Kamfanin da ya rufe wa 'yata shago yana cin kasuwa a garinmu ba shi da fatoma.

Alhaji (Malali):
Yaya Malam, ai maganata ka faɗa. Wakilin da aka ce Twitter ta naɗa, ba shi ne fatoman ba?

Baba Malam (Tudun Wada):
Fatoman wa? In an naɗa shi don fada ta riƙa kiransa ya goge abin da ba ta so, wannan ba fatoma ba ne, dogari ne. Fatoma na gaskiya mai turare ma tana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Barista (Unguwar Rimi):
Baba ya kai inda nake son zuwa. Alhaji, ranka ya daɗe, ka kwatanta namu da na Brazil. A ƙarshen Agustan 2024 aka toshe X, wato tsohuwar Twitter, a can, saboda kamfanin ya ƙi naɗa wakilin shari'a kuma ya ƙi bin umarnin kotu. Alƙalin kotun ƙoli ne ya ba da umarnin, a rubuce, da dalilai, sauran alƙalai suka duba suka amince. Elon Musk ya yi ta faɗa, amma ya naɗa wakili, ya biya tara, a Oktoba aka buɗe. Akwai masu sukar alƙalin a can har yau, kuma suna da hujjojinsu. Duk da haka abu ne da ya bi ta kotu.

Namu kuwa sanarwa ce daga ma'aikatar yaɗa labarai, kwana 2 bayan an goge rubutun shugaban ƙasa. Babu doka, babu umarnin kotu. Har aka yi barazanar gurfanar da masu shiga ta VPN, wato manhajar kewaye toshewar, alhali babu dokar da ta ce laifi ne. Shi ya sa a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba mu 'yancin magana, na 37 ya kare sirrinmu, na 45 ya yarda a taƙaita su don tsaro ko zaman lafiya, amma ta hanyar doka. Ba ta hanyar fushi ba.

In kana son misalin da ƙasar nan ta nuna iko yadda ya kamata, ga shi. Hukumar kare masu saye, FCCPC, ta yi wata 38 tana bincike, sannan a Yulin 2024 ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, tarar dala miliyan 220 kan yadda ake kwasar bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba, da kuma ba mu ƙa'ida mai rauni fiye da wadda ake ba Turawa. Meta ta ɗaukaka ƙara, a Afrilun 2025 kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar. Kamfanin ya ce a takardun kotu zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ba a kama yaron kowa ba, ba a rufe bakin kowa ba, kuma kamfanin ya zo ya tsaya gaban alƙalanmu.

Mai POS (Kawo):
Barista, in da sun rufe ɗin fa? Rabin matan unguwarmu ta nan suke sana'a.

Barista (Unguwar Rimi):
Nan raunin yake, kuma su ma sun sani. Tarayyar Turai ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023, kamfanin bai tafi ba, don ƙasashe 27 ne masu doka ɗaya tun 2018 kuma kasuwarsu ba ta baruwa. Mu kowa tasa ta fishshe shi. Tarayyar Afirka ta yi yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanai tun 2014, sai da ta shekara 9 kafin ta samu ƙasashe 15 da suka tabbatar da ita ta fara aiki. Da Najeriya da Gana da Kenya da Afirka ta Kudu za su tsaya kan magana ɗaya, babu kamfanin da zai yi mana barazanar tafiya.

Kuma kada a ɗauka manyan ƙasashe suna girmama iyakar wani a wannan fagen. Amurka ta yi doka a 2018 wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su. Ma'ana saƙon Hajiya, alƙalin Amurka ya fi alƙalin Kaduna kusa da shi.

Anti Nas (Kakuri):
Ina karantawa tun ɗazu daga wurin aiki. Ina so in ƙara abu ɗaya don kada a tafi a kan cewa doka ita ce matsala. Ƙanwata ta ci bashin dubu 20 a wata manhajar lamuni. Ta makara kwana 5. Suka kwashe lambobin wayarta gaba ɗaya, suka tura wa kowa hotonta da rubutun cewa ɓarauniya ce, har surukanta, har limamin unguwa. Sati 3 ba ta fita ko ƙofar gida ba. A ranar da na ga halin da take ciki, wallahi doka nake nema, mai haƙora. Na ji daɗi da hukuma ta fara tilasta musu rajista a 2022 aka kuma cire wasu daga Play Store. Ni ban ƙi hukuma ta shiga waya ba. Ina so ta shiga domin ƙanwata, kamar yadda take shiga domin manya.

Kuma mu 'yan Kaduna mun san abin da jita-jita ke haifarwa. Wanda ya ga rikicin 2000 da 2002 da 2011 ba zai ce a bar kowa ya yaɗa abin da ya ga dama ba. Tsohon hoton gawa daga wata ƙasa, a rubuta masa sunan unguwa da Hausa, kafin la'asar an fara rufe shaguna. Kamfanonin nan masu tace rubutu nawa suka ɗauka da ke jin Hausar Rigasa, ko Fulatanci, ko Katafanci?

Alhaji (Malali):
'Yata, kin ga abin da nake tsoro ke nan. Ni ba son a danne kowa nake ba. Na ga gawa a titin nan da idona.

Baba Malam (Tudun Wada):
Babu wanda ya zarge ka, Alhaji. Addinin da ya umarce mu mu tantance labari kafin mu yaɗa shi ne kuma ya hana bin diddigin sirrin mutane. Ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Ku tuna ɗalibin nan na jami'ar Dutse da aka ɗauke a 2022 kan rubutu guda game da uwargidan shugaban ƙasa, sai da jama'a suka yi ca aka janye ƙarar. Wane hargitsi rubutunsa zai haifar? Ƙarfin da aka kashe a kansa, da a kan masu manhajar da suka tozarta ƙanwar 'yata aka kashe shi.

Ɗan Birnin Gwari (Mando):
Ni buƙatata ƙarama ce. In za a sake katse mana sabis, a ce alƙali ne ya sa hannu, a faɗi kwana nawa, a bar layin asibiti da na neman agaji, kuma in wa'adin ya cika a fito a gaya mana me aka samu. Mu ma 'yan ƙasa ne, a yi shawara da mu.

Injiniya (Barnawa):
Ta fuskar aiki, ana iya rufe data a bar kira, ana iya taƙaitawa ga turaku kaɗan maimakon ƙaramar hukuma guda. Ba fasaha ce ta hana ba.

Maman Ikram (Unguwar Dosa):
Na gode muku duka, wallahi na ƙaru. Baba, kalmar fatoma ta zauna min, don mahaifina dillalin shanu ne a Zangon Tudun Wada, na taso ina ganin baƙi suna kwana a zaurenmu, in rigima ta taso shi ake nema. Ban taɓa haɗa wannan da waya ba.

Alhaji, ni ma ina son ƙasata ta yi ƙarfi. Da na ji labarin tarar nan har na ji wani sanyi. Amma ko an biya kuɗin, asusun gwamnati za su shiga, ni shafina yana nan a rufe, yaron maƙwabta kuma yau kwanansa 9 ba a ba da belinsa ba. Ranar da zan shiga keke in je wani ofis a garin nan, in zauna gaban mutum mai jin Hausa in ce ga abin da aka yi min, ya ba ni takarda da ranar dawowa, ranar zan yarda ikon ya iso Unguwar Dosa.

Barista, koken da ka ce, da Turanci ake rubutawa? Kuma me zan haɗa da shi?

Barista (Unguwar Rimi):
Da Turanci, amma zan rubuta miki, ba sai kin biya komai ba. Ki ɗauki hoton saƙon rufewar da duk amsoshin da suka turo, da ranakunsu, da sunan shafin da lambar da kika buɗe shi da ita. Ki turo min ta akwati. Mahaifiyar yaron kuma ki ce ta zo da kwafin takardar tuhuma gobe da safe kafin 9, don ina da zama a kotu da 10.

Maman Ikram (Unguwar Dosa):
In sha Allah. Yanzu zan leƙa gidan in gaya mata, na ji motsinta ta dawo.